Tsintsiya Ko Mai Feshi: Wa Ya Fi Iya Wa Gizo-gizo?

Ɗakin da ke ƙuryar gidanmu ya shekara biyu a kulle. Tun da kakarmu ta rasu aka tattara kayanta a ciki, aka ƙara da tsofaffin katifu da kwalaye da wani keken ɗinki da ya daina aiki, aka ja ƙofa. Da bikin ƙanwarmu ya matso, aka ce a nan baƙi za su kwana, sai aka nemo makulli. Matar yayana ce ta fara sa ƙafa, kuma da baya ta fito tana karkaɗe mayafi. Saƙar gizo-gizo ta haɗe kusurwa da kusurwa, ta sauko daga silin har kan gado. Tsohuwar ta yi baƙi da ƙura, sabuwar tana ƙyalli a hasken da ya shigo ta ƙofa, masu ita kuma sai gudu suke a jikin bango.

"Hajiya, wannan ya fi ƙarfin shara," in ji ta. "A kira masu feshi kawai."

Mahaifiyarmu ta leƙa, ta jima tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, miƙo mini gorar can da tsintsiyar kwakwa. Mu da muka tashi a ɗakin azara ba mu taɓa kiran wani ya kore mana gizo-gizo ba."

Maganar ba ta yi nisa ba, don akwai kunya a tsakaninsu. Ni ne ta bari da tunani, domin na taɓa kiran mai feshi a gidan haya na kuma ga abin da ya biyo baya, sannan na san tsintsiyar Hajiya ma akwai inda ba ta kaiwa. Tun ranar nake auna hanyoyin nan biyu.

Kafin a yanke wa ɗayansu hukunci, ya kamata a san abin da ya kawo gizo-gizo ɗaki. Ba ya cin hatsi, ba ya cin katako kamar gara, ba ya neman jinin mutum kamar sauro da kuɗin cizo. Ƙwari yake ci, kuma mafi yawan irinsa sai mai rai suke kamawa. Duk inda ka ga saƙa ta yi yawa, to akwai abin da ke faɗawa cikinta: ƙuda, sauro, 'ya'yan kyankyaso, shinge da damina, da ƙananan ƙwarin nan da ke zagaye ƙwan lantarki da dare. Yana alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Masana sun ƙirga nau'in gizo-gizo fiye da 50,000 a duniya, adadin da aka haura a 2022. A 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya gaba ɗaya yana cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara, mafi yawa a daji da makiyaya. Kuma babu gidan da ya kuɓuta. A wani bincike da aka wallafa a 2016, an bi gidaje 50 a birnin Rali da kewayensa, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ɗaki-ɗaki ana tattara ƙananan halittu, kuma a dukkan gidajen an sami gizo-gizo mai saƙa a kusurwa. Gidaje ne da ake sharewa, masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya sa a ransa cewa akwai kuɗin da zai biya a raba shi da gizo-gizo har abada ya ɗauko abin da ba ya yiwuwa.

Mu Hausawa ma zamanmu da shi ya daɗe. Da Gizo da matarsa Ƙoƙi aka yaye mu a tatsuniya. A makarantar allo mun biya ta kan surar Ankabut, ta 29 a Alƙur'ani, wadda sunansa ta ɗauka, mun kuma ji labarin saƙar da ya yi a bakin Kogon Saur lokacin hijira. Da intanet ta zo, sunan saƙarsa muka ara muka ce yanar gizo. Duk da haka iyayenmu mata ba su yarda a bar shi a ɗaki ba. Hajiya tana cewa barin yana a ɗaki tsiya yake jawowa, kuma ko mutum bai ɗauki maganar a zahirinta ba, ya san ɗakin da yana ta cika ɗaki ne da aka yi watsi da shi.

Tsintsiya tana da wani fifiko da mutane ba su cika lura da shi ba. Macen gizo-gizo tana naɗe ƙwayayenta cikin wata 'yar jaka ta zare, fara ko ruwan ƙasa, kamar curin auduga, ta maƙala ta a kusurwa ko a bayan kabad ko a ƙarƙashin kujera. Jaka ɗaya kan ɗauki ƙwai gommai, a wasu nau'in ma fiye da ɗari. Zaren nan yana kare ƙwan daga ruwa, haka yake kare shi daga yawancin maganin feshi. Sai a fesa ɗaki yau, manyan su mutu, bayan 'yan makonni jakar ta fashe, ɗaki ya koma kamar ba a yi komai ba. Tsintsiya kuwa gaba ɗaya take kwasowa: uwar, da saƙar, da jakar ƙwan. Abin da ya rage shi ne a murƙushe jakar ko a jefa ta a wuta, kada a kakkaɓe ta a bakin ƙofa ta ƙyanƙyashe a tsakar gida. Haka nan duk saƙar da aka rushe, an raba mai ita da tarkonsa na neman abinci, kuma sake saƙawa yana cin ƙarfinsa. In aka riƙa rushewa duk mako, wurin zai daina yi masa daɗin zama.

Sai dai tsintsiya ita kaɗai rabin aikin ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan karin maganar a zahirinta take. Tsagar da ke tsakanin taga da bango, ramin da aka huda don wayar lantarki ko bututun ruwa, ragar taga da ta yage, gibin da ke ƙarƙashin ƙofa, ta nan gizo-gizo da abincinsa suke shigowa tare. Siminti kaɗan da sabuwar raga sun fi galan ɗin magani daɗewa suna aiki. Ƙwan lantarkin da ke kwana a kunne a saman ƙofa yana tara ƙwari, ƙwarin su tara masu farautarsu. In aka matsar da shi nesa da ƙofa, ko aka sa mai launin rawaya wanda bai cika jan ƙwari ba, ana ganin bambanci. Kwalaye da tsummokara da itacen girki da aka jingine da bango kuwa masauki ne da muka gina masa da hannunmu. Duk wannan aikin maigida da uwargida ne, babu wanda zai zo daga waje ya yi musu shi a yini ɗaya.

Raunin tsintsiya a fili yake. Tana son naci, kuma naci shi ne abin da ya fi wuya a gidan da kowa ke fita da sassafe. Tana tayar da ƙura, mai asma kuwa ƙurar ɗakin da ya shekara a kulle tana iya kwantar da shi, sai ya ɗaure hanci ko ya bar wa wani. Ba ta shiga tsakanin silin da kwano, ba ta kaiwa saman babban masallaci ko sito mai tsawo. Kuma ba ta san wanda take sharewa ba: mai dafi da marar dafi duk ɗaya ne a wajenta.

Batun dafin nan shi ne ainihin abin da ke sa a ɗaga waya a kira mai feshi, don haka zan ɗan tsaya a kansa. A wajenmu in mutum ya wayi gari da ƙuraje masu ruwa a jere a wuya ko a fuska, sai a ce tautau ya yi masa fitsari. Na ji wannan tun ina yaro, na kuma yarda da shi shekaru da yawa. Amma abin da gizo-gizo ke fitarwa ɗigo ne fari-fari da ake gani a ƙasan saƙarsa, kuma ba ya ƙona fata. Sau da yawa mai laifin wani siririn ƙwaro ne mai launin ja da baƙi, wanda a gabashin Afirka ake kira ƙudan Nairobi. Yana zuwa wajen haske da damina, ba ya cizo, amma in ka murƙushe shi a jikinka cikin barci, ruwan jikinsa yana tayar da fata bayan kwana ɗaya ko biyu. Wani lokacin kuma ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka, ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. Abin mamaki, a Gana ma da sunan gizo-gizo, ananse, ake kiran wannan ciwo. Akwai kuma maruru da gyambon da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, waɗanda likitoci a ƙasashe da yawa suka sha ganin an kawo musu da sunan cizon gizo-gizo. Illar wannan kuskure ita ce a zauna a gida ana shafe-shafe ana tsine wa tautau, alhali ciwon na asibiti ne.

Akwai gidaje biyu a Amurka da labarinsu ya fi komai taimaka mini wajen wannan awo. A tsakiyar ƙasar akwai wani gizo-gizo ruwan ƙasa mai son ɓuya, da zane a bayansa kamar goge, wanda cizonsa kan iya ruɓar da fata. Mu kira shi mai-goge. A garin Leneksa na jihar Kansas, a wani tsohon gida da aka gina tun ƙarni na 19, mutanen gidan sun tattara mai-goge guda 2,055 cikin wata shida a 2001. Masanin gizo-gizo Rick Vetter na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya wallafa labarin a 2002, ya ƙiyasta cewa aƙalla 400 daga ciki sun isa yin cizo mai dafi. Amma babu ko mutum ɗaya a gidan da aka ciza. Gizo-gizo ba ya neman mutum. Yana cizo ne in an matse shi, a cikin takalmi ko rigar da aka yar a ƙasa ko tsakanin zanin gado da jiki.

Gida na biyu yana Weldon Spring a jihar Mizuri. Wasu iyali sun saye shi a 2007, ba da jimawa ba suka ga mai-goge yana fitowa ta ko'ina, daga bango, daga silin, har a banɗaki. An yi ta feshi bai yi magani ba. Wani masani ya ƙiyasta yawansu tsakanin 4,500 zuwa 6,000. Aka je kotu, iyalin suka bar gidan. A 2014 sai da aka lulluɓe ginin gaba ɗaya da tamfol, aka cika shi da iskar gas mai kisa wadda ke ratsa bango da katako. Irin wannan aiki babu tsintsiyar da za ta yi shi, kuma babu maigidan da ya isa ya gwada da kansa.

Na ɗauki abu biyu daga gidajen nan. Tsoron da muke wa gizo-gizo ya ninka haɗarinsa sau da yawa. Amma akwai matakin da in abu ya kai, sai ƙwararre. Misali, nau'i mai dafi da ya yi sansani a cikin bango, ko gidan da ke da jarirai masu rarrafe aka kuma riƙa ganin irin gizo-gizon nan mai ƙulluɓeɓɓen ciki da jan tabo ko ruwan lemo a ƙasansa, wanda jakar ƙwansa ke da tsinaye kamar ƙaya, wanda ake samu a ƙasashe masu zafi har da Afirka, yana ɓuya a ƙarƙashin kujerun roba da bokitai da bakin tukwanen fure. Ko makaranta, ko asibiti, ko sito. Ko kuma, wanda ya fi yawa a gidajenmu, yanar ta zama alamar wata ɓarna da ta fi ta girma, kyankyaso a masai ko gara a katako. A irin waɗannan wurare matar yayana ce mai gaskiya.

Sai dai feshi, ko a hannun gwani, bai fi ƙarfi a kan gizo-gizo ba kamar yadda yake da ƙarfi a kan sauran ƙwari. Kyankyaso yana jan cikinsa a ƙasa, yana cin abincin da aka sa wa guba, ya koma raminsa ya mutu 'yan'uwansa su ci gawarsa. Gizo-gizo a kan tsinin ƙafafunsa takwas yake tafiya, jikinsa a ɗage, kaɗan yake taɓa maganin da ya bushe a bango. Mai saƙa ma wuni yake a rataye a zarensa bai taka bangon ba. Ba ya cin guba da aka ajiye masa a murfi. In ba a fesa masa a jiki ba, da wuya ya mutu nan take. Mai-goge kuwa yana cin matattun ƙwari, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba, don haka feshin da ya zubar da kyankyaso a bayan kabad yana iya zame masa liyafa. Ga kuma hanyar dawowa. 'Ya'yan gizo-gizo suna sakin zare a iska ta ɗauke su kamar balbela ta tashi, su sauka a wani wuri. A 1832 Charles Darwin ya ga irinsu sun sauka a jirgin ruwan da yake ciki, kusan mil 60 daga gaɓar Ajantina. Wanda ya ƙetare teku, katangar gida ba za ta tsayar da shi ba.

Saboda haka ne ƙwararre na gaske ba da famfo yake farawa ba. Da tocila yake shigowa. Zai duba bayan kaya, ya leƙa silin, ya tambayi inda aka fi ganinsu da lokacin da aka fara. Zai ajiye takardu masu danƙo a gindin bango, irin na kama ɓera, ya dawo ya ga abin da suka kama, domin ta nan ake sanin nau'in da yawansa da hanyar da yake bi. Zai kwashe yana da jakunkunan ƙwai da dogon buroshi ko injin zuƙe ƙura, wato aikin Hajiya da kayan zamani. Bayan haka ne zai sa magani, kuma a inda ya dace kaɗai: garin magani a cikin ramukan bango, feshi a tsage-tsage da kewayen ginin ta waje. Zai gaya maka sunan abin da zai fesa, ya nuna maka lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ya ce a fitar da yara da abinci da ruwan sha da kyanwa da kaji, ya faɗi awa nawa za a yi kafin a koma, ya kuma sa ranar dawowa don 'ya'yan da za su ƙyanƙyashe. A Nijeriya majalisar da ke kula da aikin jami'an duba-gari, wadda aka kafa da doka a 2002, tana ba kamfanonin feshi lasisi, kuma haƙƙin maigida ne ya ce a nuna masa. Abin da kake biya a wajen irin wannan mutum idonsa ne da saninsa. Maganin ko a kasuwa akwai shi.

Akwai wata asara da ba a lissafa ta a takardar kuɗi. Da yawa daga cikin abin da ake fesawa a gidaje yanzu dangin sinadarin da ke jikin gidan sauro ne, irin su deltametirin da saifametirin. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro a arewacin Nijeriya da Nijar ya riga ya fara jure wa wannan dangi, kuma duk feshin da aka yi ba bisa buƙata ba ƙarin horo ne gare shi. A lokaci guda an kashe masu cin sa kyauta: gizo-gizo, har tsaka kan tafi a ciki. A gaɓar Tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, masana sun gano wani ƙaramin gizo-gizo mai tsalle wanda abincin da ya fi so shi ne macen sauro da ta sha jini ta ƙoshi. Ba na cewa gizo-gizo zai maye gurbin gidan sauro. Ina cewa a ƙasar da sauro ke kashe yara, ya kamata mu yi tunani kafin mu zuba guba don kashe abin da ke cin sauro.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Zaɓin da ke gaban yawancinmu ba tsakanin tsintsiya da ƙwararre yake ba. Akwai na uku da ya shiga tsakani, kuma shi ya fi samun kasuwa: kwalbar fiya-fiya, da mutumin da ke yawo da famfo a baya yana ƙwanƙwasa ƙofa. Fiya-fiya sinadarin DDVP ne, maganin gona, mai hana jijiyoyi aiki yadda ya kamata, a jikin ƙwaro da jikin mutum duka. A 2019, bayan rayukan da aka yi ta rasawa, NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Duk da haka ana tsiyaya shi a tsoffin kwalabe ana yayyafawa a ɗakin kwana a rufe ƙofa. Wasu har ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a buhu suke ajiyewa a ɗaki, wadda in ta sami danshi take fitar da iska mai kisa. A 2017 irin wannan ƙwaya ta kashe yara huɗu 'yan gida ɗaya a Amarilo ta jihar Tekzas, bayan an sa ta a ƙarƙashin gida an kuma zuba mata ruwa. Lasisi ma ba ya wanke sakaci: a 2015, a tsibirin Sen Jon na yankin Karebiyan, wani babban kamfani ya fesa gas ɗin da aka haramta a gidajen kwana, iyali guda da suka je hutu suka sami mummunar illa, aka ci kamfanin tarar miliyoyin daloli.

Nawa bai kai haka ba, alhamdu lillahi, amma ya ishe ni. Shekarun baya, a gidan haya, yana ta dame mu a baranda da kicin, sai na tsayar da wani mai famfo. Ya ciro galan marar takarda ya tsiyaya, wari ya cika tsakar gida. Na ce, "Malam, wane magani ne wannan?" Ya ce, "Alhaji, haɗi ne namu, kada ka damu, ko tururuwa ba za ta rage ba." Babu abin rufe hanci a fuskarsa, babu safar hannu. Ya ce bayan awa biyu mu shiga. Da dare 'yata ƙarama ta tashi da amai da tari, yawu na zuba, gumi ya jiƙa ta. A asibiti abin da likita ya fara tambaya shi ne me aka fesa, ni kuwa ba ni da amsa. Ya ce da mun ɗura mata manja ko madara, kamar yadda maƙwabta suka ba da shawara, da mun ƙara mata wahala. Ta warke bayan kwana biyu. Kafin wata ya zagayo, saƙa ta koma baranda, a ƙarƙashin ƙwan lantarkin nan da ban taɓa tunanin matsarwa ba. Garin neman gira na kusa rasa ido. Har yau ina tuna mutumin ma da tausayi, domin shi kullum yake shaƙar abin da 'yata ta shaƙa dare ɗaya.

In aka ce in zaɓa, a gida irin namu, a kan gizo-gizo irin wanda muka saba gani, tsintsiya nake ba gaba, da nisa. Ita ce ke cire ƙwai, ba ta sa yaro amai, kuma kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Mai feshi ina kiransa ne in na ga abin da ban gane ba, ko abin da hannuna ba ya kaiwa, kuma sai wanda zai iya amsa tambayar da wancan ya kasa amsawa.

A ɗakin kakarmu, Hajiya ce ta fara. Aka buɗe taga, aka yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, muka ɗaure hanci, aka fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya ana kakkaɓewa a rana. Ta sa jikokinta tattara jakunkunan ƙwai a tsohon faranti, ta juye su a murhu. Wajen la'asar, da aka janye katifar ƙarshe, sai ga hanyar gara ta taso daga ƙasa ta bi jikin bango ta shige katakon ƙofa, ga kuma kyankyaso yana watsewa daga kwalayen da danshi ya ci. Matar yayana ba ta ce komai ba, ta dai dubi Hajiya. Hajiya ta danna katakon da yatsa, ya lotsa.

"Wannan kam ba na tsintsiya ba ne," ta ce. "Bayan biki a kira su. Amma ka tabbata mai takarda ne, kuma ina tsaye zai yi."

Baƙi suka kwana a ɗakin babu warin komai sai turaren wuta. Bayan mako biyu mai feshi mai takarda ya zo da tocilarsa, ya bi hanyar garar har gindin katanga inda bututun ruwa ke yoyo, ya ce sai an gyara shi kafin ya sa magani. Da na tambaye shi batun gizo-gizo, ya ɗaga kai ya dubi kusurwoyin silin, ya tambayi wanda ya share. Aka nuna masa Hajiya. Ya ce a toshe tsagar da ke saman taga, a sauya raga, a ci gaba da sharar duk Juma'a, kuma bai sa shi a lissafin kuɗinsa ba.